Allurar kawo saniya barbara: jabu ce, ko shanun ne?

Malam Sani, Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa makiyaya. Ina da tambaya ga masanan cikinmu. Maƙwabcina yana da shanu a turke, ruwa-biyu ne na Bunaji da Firiziyan, shanun madarar nan na Turai. Ya gaji da jiran su nemi sa, sai aka kawo masa allurar nan da ake cewa tana kawo saniya barbara, aka yi wa guda takwas rana ɗaya. Uku sun zo, an ɗura musu maniyyi. Biyar ko gezau. Yanzu rigima ta kaure, shi yana cewa maganin jabu ne, wanda ya yi allurar yana cewa laifin shanun ne. Ni ma ina da niyyar yi wa nawa, shi ya sa nake son in ji gaskiyar lamarin kafin in zuba kuɗina.

Alhaji Bala, Kano: Wa alaikumus salam. Malam Sani, kada ka wahalar da kanka, jabu ce. Kasuwar maganin dabbobi ta cika da gurɓatattun kaya. Wani maganin ma na gaske ne, amma ya sha rana a kanta har ya mutu. In magani na ƙwarai ne, me zai sa ya yi wa uku aiki ya bar biyar? Ai kwalba ɗaya ce.

Dakta Hadiza: Alhaji, jabu akwai shi, ban musa ba. Amma a ba ni amsar abu huɗu tukuna. Mene ne sunan maganin a jikin kwalbar? A wane wata aka yi? Yaushe kowacce ta haihu? Sannan akwai wanda ya sa hannu ta dubura ya lalubi gidan ƙwansu kafin a soka allurar?

Malam Sani, Funtuwa: Dakta, na je na duba. Kuloforostenol aka rubuta. A watan Afrilu aka yi. Cikin biyar ɗin da ba su zo ba, uku suna shayarwa, haihuwarsu ba ta fi wata biyu ba, kuma gaskiya sun rame. Ba wanda ya lalube su.

Dakta Hadiza: To, ai uku da suka zo ɗin su ne shaidar cewa maganin yana da rai. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, domin in ba a san abin da ke faruwa a cikin gidan ƙwai ba, za a yi ta zargin kwalba.

Saniya mai lafiya da ba ta da ciki tana zagayowa duk kwana 21, wata 18, wata har 24. A tsawon wannan lokaci abubuwa biyu ne ke karɓa-karɓa a gidan ƙwanta. Na farko jakar ƙwai, wata 'yar ƙunshiya ce mai ruwa, ƙwan yana cikinta. Idan ta girma tana fitar da wani homon, wato sinadarin da ke bin jini ya kai saƙo a jiki, sunansa estradiyol, shi ne ke sa saniya kuka, da rashin natsuwa, da zubar da yauƙi mai haske kamar gilashi, da tsayawa cak idan wata ta hau ta. Bayan jakar ta fashe ƙwan ya fita, gurbin ba ya zama fanko. Ƙwayoyin halittar da suka rage a bangon jakar sai su rikiɗe su cika wurin da wata tsoka rawaya, likitoci na kiranta kofus lutiyam. Ita kuma furojestaron take fitarwa, wanda ke kwantar da mahaifa, ya shirya ta karɓar ciki, ya kuma hana saniya sake neman sa. Muddin rawayar tsokar nan tana aiki, ko bijimi goma aka kawo ba za ta tsaya ba.

Idan ciki bai shiga ba, wajen kwana na 16 zuwa 18 mahaifa da kanta take sakin wani sinadari, furostagilandin, ya je ya narkar da rawayar tsokar. Furojestaron ya faɗi, jakar da ke jira ta ƙarasa girma, saniya ta zo.

Kuloforostenol kwaikwayon wannan sinadarin na mahaifa ne. Aikinsa ɗaya tak: narkar da rawayar tsoka. Ba ya ƙirƙirar sha'awa, ba ya girmar da ƙwai. Saniyar da ke da rawayar tsoka da ta nuna, za ta zo cikin kwana 2 zuwa 5. Wadda ta yi barbara cikin kwana biyar da suka wuce, tsokar tata ɗanya ce, ba ta jin maganin. Wadda kuwa gidan ƙwanta ke kwance gaba ɗaya, kamar ramammiyar saniya mai shayarwa a watan Afrilu, babu abin da allurar za ta narkar. An zuba magani ne a inda ba shi da aikin yi.

Alhaji Bala, Kano: Na ji bayanin masu shayarwa. Sauran biyun fa?

Dakta Hadiza: Ko dai suna cikin kwanakin farkon nan da maganin ba ya kamawa, ko kuma sun zo ba a gani ba. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda mutane ke zato. Shanunmu masu tozo sha'awarsu gajeriya ce, sau da yawa ba ta wuce awa goma, kuma da yawansu da dare suke yi. Mai shanun ya kwanta, da safe komai ya wuce. Balle a turke, inda kowacce ke ɗaure ita kaɗai, ba ta da wadda za ta hau ko ta hau ta. Shi ya sa ake maimaita allurar bayan kwana 11, domin wadda tsokarta ke ɗanya a karon farko, a karo na biyu ta nuna.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a labarin nan, wato rashin lalube. Da a cikin takwas ɗin akwai mai ƙaramin ciki, da ta yi ɓari. A watanni biyar na farko rawayar tsokar ce ke riƙe da cikin saniya, ka narkar da ita, cikin ya zube. Na sha ganin haka, kuma yana min ciwo ƙwarai, domin asara ce da minti biyu na dubawa zai hana.

Baba Ardo (ɗansa ke rubuta masa): Ina gaida kowa. An karanta min abin da likita ta ce. 'Yata, abin da kika faɗa game da rani mun san shi tun muna yara, ko da ba mu san sunayen nan ba. Saniyar da ƙashin bayanta ya fito ba ta neman sa. Idan ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, suka yi 'yan makonni suna ƙoshi, sai ka ga garke ya rikice, wannan na hawan wannan. Ba mu taɓa yi musu allura ba. Ni ra'ayina a bar saniya da lokacinta.

Dakta Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da idonku ya gani shi ne abin da awo ya tabbatar. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni: tana sakin wani homon mai suna GnRH da ke taɓa ƙullin fitutari a ƙarƙashinta, shi kuma ya saki biyu, FSH da LH, su bi jini su je gidan ƙwai. Idan jiki yana cin kansa saboda yunwa, LH ɗin ba ya fitowa akai-akai yadda ya kamata. Jakunkunan ƙwai suna tasowa, amma babu wadda ke kaiwa ga fashewa, sai su shanye. Tsotson maraƙi ma yana danne LH ɗin. To ga yunwa ga shayarwa, dole gidan ƙwai ya yi shiru.

Inda zan ɗan saɓa muku, Baba, shi ne a bar ta da lokacinta. Ku kuna da bijimi a cikin garke dare da rana, shi ba ya kuskuren gane wadda ta zo. Mai saniya huɗu a bayan gida wanda ke sayen maniyyi, sai ya kira mai ɗuri daga wani gari, dole ya san ranar. Wannan ne amfanin allurar, idan an yi ta a kan ƙa'ida.

Ummi, ɗaliba: Dakta, don Allah ina da tambaya a kan abin da ake koya mana yanzu. An ce jakar ƙwai tana da ƙwayoyin halitta iri biyu, teka da giranulosa, kuma wai ɗaya ba ta iya yin estradiyol ita kaɗai. Ban gane dalilin ba. Me zai hana ɗaya ta yi aikin duka?

Dakta Hadiza: Ƙanwata, wannan shi ne wurin da na fi so a darasin gaba ɗaya. Ki ɗauki jakar ki yanka ta a zuci. Daga waje akwai layin teka, jijiyoyin jini sun ratsa shi. Sai wani siririn shamaki. Daga ciki kuma layin giranulosa ne, yana fuskantar ruwan jakar da ƙwan, kuma jijiyar jini ko ɗaya ba ta shiga wurinsa kafin jakar ta fashe.

Duk waɗannan homon daga kolestarol ake ƙera su, mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke juya wani abu ya koma wani. Teka tana jin kiran LH, tana da enzayim ɗin da ke kai aikin har zuwa androjin, musamman androstinidayon, wato dangin homon ɗin maza. A nan nata ya tsaya, domin ba ta da isasshen aromates, enzayim ɗin da ke mai da androjin ya zama estradiyol. Giranulosa kuwa tana jin kiran FSH, tana da aromates sosai, amma ba ta da enzayim ɗin da ke samar da androjin ɗin tun farko. Sai androjin ya tsallaka shamakin ya shiga wurinta, ta ƙarasa. Kamar gida ne da ɗaya ke da turmi ɗaya ke da tukunya, in wannan ba ta daka ba waccan ba ta da abin tuƙawa.

Ki lura da abu ɗaya da ɗalibai ke yawan mantawa. Giranulosa ba estradiyol kaɗai take yi ba, tana yin wani homon ma, inhibin. Su biyun suna komawa ƙwaƙwalwa su rage FSH. Jakunkuna da yawa ne ke tasowa tare a rukuni ɗaya, duk suna dogara da FSH. Wadda ta ɗan fi sauran girma sai giranulosarta ta samu damar jin LH ita ma, don haka idan FSH ya ragu ita ta ci gaba, sauran su shanye. Wannan ne dalilin da saniya galibi ɗa ɗaya take haifa. A Holstin, dangin Firiziyan, ana ganin wannan rabuwa idan babbar ta kai wajen milimita 8.5, a shanu masu tozo irin Nelori na Barazil kuwa tun tana wajen milimita 6.

Ummi, ɗaliba: Na gode Dakta, yanzu ya zauna. Amma in haka ne, ashe jaka ɗaya ce ke girma a duk kwana 21?

Dakta Hadiza: A'a. Rukuni biyu ko uku ne ke tasowa a zagaye ɗaya, wani lokaci har huɗu a masu tozo. Kowane rukuni da babbarsa. Sai dai wadda ta girma a lokacin da furojestaron ke sama ba ta samun ambaliyar LH ɗin da zai fasa ta, sai ta koma. Wadda ta yi sa'a rawayar tsoka ta narke a zamaninta, ita ce ke fitar da ƙwai. Wannan ma shi ya sa bayan allura wata saniyar ta zo a kwana biyu, wata sai kwana biyar: ya danganta da girman jakar da allurar ta tarar.

Isufu, Tawa: Sannunku da ƙoƙari. Mu nan shanun Azawak muke kiwo, irin waɗanda ake renon su a tashar Tukunus ta wajen Filinge a Nijar. Ina da ja a kan maganar yunwa kaɗai. Na ga shanun da ake ba dusa da harawa da angurya, jikinsu sumul, amma a watan Afrilu da Mayu ɗurin ba ya kamawa kamar na lokacin sanyi. Ke nan ba abinci ne kawai ba.

Dakta Hadiza: Gaskiyarka Malam Isufu, zafi ma yana da nasa. Yana rage androjin ɗin da teka ke yi da estradiyol ɗin da giranulosa ke yi, don haka alamun sha'awa su raunana, ƙwan da ke ciki ma ingancinsa ya ragu. Kuma ɓarnar ba ta ƙarewa ranar da gari ya yi sanyi, domin jaka tana ɗaukar makonni tana girma kafin ta kai ga fashewa. Wadda zafin bazara ya taɓa tana ƙarama, sai bayan wata guda ko fiye za a ga sakamakonta. Azawak da Bunaji da Bokolo sun fi jure wannan nesa ba kusa ba. Masu jinin Firiziyan da yawa su ne ke shan wuya. Inuwa da ruwan sha wadatacce ba ƙawa ba ne a wurinsu.

Alhaji Bala, Kano: To Dakta, in saniya gidan ƙwanta na kwance kamar yadda kika ce, babu maganin da ke tashe shi ke nan? Domin na ji ana maganar wata roba da ake sa musu.

Dakta Hadiza: Akwai. Roba ce mai ɗauke da furojestaron, irin su CIDR, ana sa ta a gaban saniya kwana bakwai ko makamancin haka sannan a zare. Tana yin aikin rawayar tsoka na wucin gadi, zare ta kuma kamar narkewar tsokar ne. Tana da wani amfani da ya kamata a sani: ƙwaƙwalwar saniya sai ta ɗanɗani furojestaron tukuna take amsa kiran estradiyol da kyau. Shi ya sa ƙwan farko bayan haihuwa yakan fita shiru ba tare da wata alama ba, haka ma na farko a karsana. Robar tana cike wannan giɓin.

Akwai kuma tsarin Ovsynch da aka fitar a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a 1995: allurar GnRH, bayan kwana bakwai furostagilandin, bayan kwana biyu GnRH kuma, sannan a ɗura maniyyi bayan kamar awa 16 ba tare da jiran alama ba. An gina shi ne a kan shanun madara na can masu ƙoshi da ke zagayowa. A masu tozo da ke shayarwa shi kaɗai bai cika ba da sakamako mai kyau ba, shi ya sa a Barazil, inda suke da miliyoyin masu tozo, suka fi dogara da tsarin da ke da robar furojestaron a ciki.

Amma Alhaji, kada a ɗauka robar na maye gurbin abinci. Za ka iya tilasta wa ramammiyar saniya ta fitar da ƙwai, sai jakar ta zamo ƙarama, rawayar tsokar da za ta biyo baya ita ma ƙarama, furojestaron ya yi kaɗan, cikin ya kasa zama. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara gyara jikinta wata biyu kafin ranar.

Ummi, ɗaliba: Dakta, wannan ya tuna min. An ce mana rawayar tsokar ma ƙwayoyinta iri biyu ne, manya da ƙanana. Su ne teka da giranulosan da suka canza?

Dakta Hadiza: Galibi haka ne. Manyan daga giranulosa, ƙananan daga teka. Ƙananan sun fi yawa kuma su ne ke amsa LH da sauri, amma manyan ne ke fitar da mafi yawan furojestaron, su ne kuma ke yin wani homon, oksitosin. Idan lokacin narkewa ya yi, oksitosin ɗin yana zuga mahaifa ta saki furostagilandin, shi kuma ya sa tsokar ta ƙara sakin oksitosin, haka dai har ta ƙare. Hanyar da sinadarin ke bi ma abin mamaki ce. Jijiyar da ke kwaso jini daga mahaifa tana manne da jijiyar da ke kai jini gidan ƙwai, sai ya tsallaka daga wannan zuwa waccan kai tsaye. Da zai zagaya ta huhu, da an lalata mafi yawansa kafin ya iso.

Idan kuwa ciki ya shiga, ɗan tayin da kansa yake kare kansa. Wajen kwana na 15 zuwa 17 yana sakin wani furotin, intaferon tau, wanda ke hana mahaifa sakin furostagilandin. Tayin da ya yi rauni bai saki isasshe a kan lokaci ba, tsokar ta narke, saniyar ta dawo neman sa, mai ita ya ce ɗurin bai kama ba, alhali ya kama ya zube.

Maman Halifa: Ni mai sayen nono ce ina yin yogot. Duk wannan allurai da robobi, ba sa shiga madarar da yara ke sha? Abin yana tsorata ni gaskiya.

Dakta Hadiza: Tambayarki a kan hanya take, Hajiya. Furojestaron dama yana cikin madarar kowace saniya mai ciki ko mai rawayar tsoka, ko an yi mata wani abu ko ba a yi ba. Har gwajin ciki ake yi da shi: idan a kwana na 21 zuwa 24 bayan ɗuri aka auna aka ga ya faɗi, to babu ciki. Furostagilandin kuma jiki na kawar da shi da sauri. Duk da haka kowane magani yana da takardarsa da ke faɗin ko akwai kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka, a bi ta. Abin da ya kamata ki fi sa wa ido a nono shi ne ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ma yake hana yogot ɗinki kamawa.

Haɗarin furostagilandin na gaske yana kan mai riƙe sirinjin. Yana ratsa fata. Mace mai ciki kada ta taɓa shi ko kusa, haka mai asma, domin yana iya jawo ɓari yana kuma shaƙe numfashi. A gidajen da mata ke kula da shanu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don Allah a isar.

Malam Sani, Funtuwa: In saniya ta zo, yaushe ne daidai a ɗura? Sannan wani lokaci nakan ga ɗan jini a wutsiya bayan kwana biyu, wasu na cewa alamar bai kama ba ne.

Dakta Hadiza: Ƙwan saniya ba ya fita tana cikin sha'awa, sai bayan ta wuce, wajen awa 24 zuwa 32 daga lokacin da ta fara tsayawa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, ka gan ta da safe a ɗura da yamma, ka gan ta da yamma a ɗura washegari da safe. Jinin kuwa ba ya nuna ya kama ko bai kama ba. Faɗuwar estradiyol ce ke sa ƙananan jijiyoyin mahaifa su ɗan zubar. Amfaninsa ɗaya: in ba ka ga zuwanta ba, ka san ta zo kwana ɗaya zuwa uku da suka wuce, sai ka ƙirga kwana 18 ka fara sa ido. Wanda ke kusa da Zariya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika sun daɗe a harkar ɗurin maniyyi, ana iya neman shawararsu.

Baba Ardo (ɗansa ke rubuta masa): 'Yata, kin ce tsotson maraƙi na hana ta zuwa. To me kike so mu yi? Bunaji in ba ta ga ɗanta ba ba ta sakin nono, kowa ya san wannan.

Dakta Hadiza: Ba yaye nake nufi ba, Baba. Wasu na raba su awa 48 kacal a daidai lokacin da ake son ta zo, ana ba maraƙin ruwa da abinci. Wasu kuma su taƙaita tsotson zuwa safe da yamma lokacin tatsa, maimakon ya wuni yana bin ta. Duka biyun suna ba LH damar farfaɗowa, in dai jikinta bai rame sosai ba.

Baba Ardo (ɗansa ke rubuta masa): Na safe da yamma dama haka muke yi, maruƙa na ɗaure a igiya iyayen na daji. Na kwana biyun ne ban yarda ba. Saniya za ta kwana tana kuka ta ƙi kiwo, maraƙin ya zabge, nonon gida ya tsaya. Mai turke da ke da dusa a buhu ya gwada. Mu a ruga da rani ba za mu iya ba, sai dai in kaka ta yi, lokacin da suke da ƙarfin ɗauka.